Dukiyar da Aka Ƙwato: A Buɗe Mana Littafi

 Ku ɗan ba ni minti biyu kafin ku tura gaba.

Duk wadda ta taɓa riƙe adashi ta san ƙa'ida: ranar kwasa ana buɗe littafi gaban kowa, a ga wa ta zuba, wa ta ɗauka. To me ya sa idan gwamnati ta ƙwace dukiya da sunanmu sai dai mu ji a rediyo, daga nan shiru?

A Disambar 2024 kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 da ke Lokogoma. Ranar da EFCC ta sanar, ko sunan mai gidajen ba ta faɗa ba, mutane suka yi ta surutu. A 2019 kuma kotu a Legas ta ƙwace gwala-gwalan tsohuwar ministar man fetur Diezani, na dala miliyan 40. Mu da muka san kuɗin ɗan kunne ɗaya a kasuwa, wacece cikinmu ta ga takardar inda suka shiga?

Ku gane yadda abin yake. Irin wannan ƙwacen ba sai an tabbatar wa mutum laifi ba, dukiyar ake kaiwa gaban alƙali. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi, a buga sanarwa a jarida, yawanci kwana 14, in babu wanda ya fito ya kare ta, ta zama ta gwamnati. Ban ce hanyar ba ta da amfani ba, ta nan ake kamo kayan wanda ya tsere ƙasar waje. Amma fa jaridar ta Turanci ce. Bazawarar da ke da gado a filin, ko marayu, yaushe za su gani? Sai dai su tashi su tarar da jan fenti a bango.

Kuma ana iyawa in an so. Dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta dawo da su, da sharaɗin sa ido suka zo, aka raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata. Da ƙorafe-ƙorafensa, amma an san inda aka nufa da kuɗin. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kula da dukiyar da aka ƙwato, ta ce a riƙe bayanan kadarorin, kuɗin kuma a zuba a asusu na musamman a Babban Banki. Doka tana nan, jerin muke son gani: me aka ƙwace, a ina, wa ya saya a gwanjo, nawa ya biya. A karanta da Hausa a rediyo.

Wata za ta ce, Hajiya, in namu ne a kan kujera fa? Wallahi har namu.

Shugabannin mata na mazaɓu, duk ɗan majalisar da ya turo a tara masa mata, ku fara yi masa wannan tambayar kafin a raba atamfa. Abin da ya amsa ku turo mini da murya.