Wa Ya Biya Kuɗin Reluwe?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, daga Sabo na Badun har Agege da Idi-Araba a Ikko. Da zarar an taɓo zancen jirgin ƙasa, sai ka ji wani dattijo ya ce, ai Bature ya yi mana alheri, ya shimfiɗa dogo tun daga bakin teku har Kano. Gaskiya ne jirgin nan shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Kudu, da shanunsu da fatunsu, suka riƙa komawa gida da goro. Amma kafin mu yi godiya, ya kamata mu san aljihun wanda kuɗin ya fito.

Mu fara da Indiya, domin can Ingila ta koyi wannan sana'a. A 1849 Turawan da ke mulkin Indiya suka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Landan guda biyu. Aka ba su ƙasa kyauta, aka kuma lamunce musu ribar kashi 5 cikin 100 kowace shekara a kan duk abin da suka kashe. In jirgi ya kawo riba, masu jari su ɗauka. In ya faɗi, a cika musu daga baitulmalin Indiya, wato daga harajin manoma. Jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombay zuwa Thane a 1853, tafiyar mil 21. To, wanda aka lamunce wa riba a kan kowane fam da ya kashe, me zai sa ya yi tattali? Kuɗin gina kowane mil ya zarce kiyasi nesa ba kusa ba, har a 1869 gwamnati ta gaji, ta koma gina sababbin hanyoyi da kanta. Kura da shan bugu, gardi da amshe kuɗi.

Abin da ya sami Masar ya fi wannan muni. An gama hanyar Iskandariya zuwa Alƙahira a 1856, daga baya Khedive Isma'ila ya yi ta cin bashi a Turai don dogo da mashigin Suez da wasu ayyuka da bukukuwa. A 1876 bashi ya fi ƙarfin baitulmali. Sai aka jinginar da kuɗin shigar reluwe da na tashar jiragen ruwa ta Iskandariya ga masu bin bashi, aka ɗora hukumar da Turawan Ingila da Faransa suka fi rinjaye a cikinta ta riƙa gudanar da su. A 1882 sojan Ingila suka shiga ƙasar. Da takardar rance aka fara, da igwa aka ƙare.

A nan gida, an fara aikin dogo a Ikko a 1896, zamanin da Joseph Chamberlain yake sakataren ƙasashen mallaka, aka isa Badun a 1901, wajen mil 120. Ba a bi tsarin Indiya ba, gwamnati ce ta gina da kanta. Amma rance aka ci a Ingila da sunan Ikko, kuma wani ofishi a Landan mai suna Crown Agents shi ke kula da kuɗin, shi ke sayen ƙarafa da injuna daga masana'antun can. Mutanen Ikko su ke biyan uwar kuɗi da ruwanta daga kuɗin kwastan, wanda babban kasonsa harajin barasar Turai ne da ake shigo da ita. Mai biya ba shi da ta cewa a kan farashi, ba shi da ta cewa a kan inda hanya za ta bi.

Hanyar Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907 aka gama a 1911, Gwamna Percy Girouard ne ya kafa ta, mutumin da ya shimfiɗa wa sojan Kitchener dogo a hamadar Sudan a 1897. Arewa ba ta da halin cin bashi a lokacin, don haka aka ɗora nauyin kuɗin a kan baitulmalin Kudu. Leburori kuwa ta hannun sarakuna aka tattaro su daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba. Ashe kuɗin Kudu ne da gumin Arewa suka haɗu suka kai jirgi Kano, aka haɗe hanyoyin biyu a 1912. Wannan ya kamata mu riƙa tunawa duk ranar da wani ya taso da zancen wa ya ci gumin wa tsakaninmu da masu masaukinmu. Duba taswira kuma, za ka ga dogon nan daga inda gyaɗa da auduga da kuza suke ya nufi teku. Domin kaya aka yi shi, fasinja ya samu ne a gefe.

Me ya sa muke tono wannan yanzu? Domin zamanin rancen reluwe ya dawo. Hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da sabuwar hanyar Ikko zuwa Badun ta 2021, da rancen bankin gwamnatin Sin aka yi yawancinsu, kamfanin Sin kuma ya gina. A 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma sun sami ikon yin dogo nasu. Ba mu ce kada a ci bashi ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Nijeriya tana bukatar jirgi fiye da kowane lokaci. Duk wanda ya taɓa loda shanu ko tumatir a mota daga Arewa ya san asarar da ake yi a kan titi.

Abin da muke kira shi ne a riƙa yin tambayoyin da kakanninmu ba su sami ikon yi ba. Nawa ne ruwan, kuma cikin shekara nawa za a biya? In jirgi bai kawo kuɗin da aka zata ba, wa zai cike giɓin, kuma me aka jinginar? Wa ke riƙe da littafin lissafi, wa ke sayen kaya, daga ina? Wajibi ne a karanta kowace yarjejeniya a gaban majalisa, a buga ta da harsunan da talaka ke ji.

'Yan'uwa, ku kuna biyan kuɗin rumfa da na kasuwa da na tasha a inda kuke zaune, danginku suna biya a gida, saboda haka rancen jiha biyu ne a wuyanku. Kuna da abin da manomin Indiya da leburan Baro ba su da shi, wato ƙuri'a. Idan ɗan takara ya zo fadar Sarkin Hausawa ko ofishin ƙungiyarku da alkawarin jirgi, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi wurin zama, sa'an nan ku tambaye shi wanda zai biya. Ko da ɗan jam'iyyarmu ne, ku tambaye shi.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.