KUKAN 'YAN JAMI'AR MARAƊI KUKAN TALAKA NE

'Yan'uwa shugabannin rassa, da dukan 'yan jam'iyya na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da sauran garuruwan kasuwa,

Duk sa'ad da 'yan jami'a suka fito kan titi, magana ɗaya akan ji a rumfunan kasuwa, wai yara ne marasa kunya, an ba su karatu a ɓagas sun koma ƙona taya. Wannan magana ta shiga har bakin waɗansu 'yan jam'iyyarmu, don haka ya zama tilas mu warware ta a wannan fitowa. Ra'ayinmu a fili yake. Rikicin jami'a daga tukunya yake farawa, kuma wanda yunwa ke kora daga jami'a ɗan talaka ne, watau ɗanka da ɗana. Wanda ya ce babu ruwansa da wannan kuka, to bai san inda kuɗin akuyarsa ke tafiya ba.

INA MUKA FITO

Faransa ta yi kimanin shekara 60 tana mulkin ƙasan nan. Ta karɓi haraji, ta kwashi gujiya da fatun jar akuyar Maraɗi, ta sa iyayenmu aikin tilas. Amma ran 3 ga Agusta 1960, da aka sami mulkin kai, babu jami'a ko guda a Nijar, yaran da ke lakwal kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. 'Yan ƙalilan da aka zaɓa don ƙarin ilmi sai an kai su makarantar William Ponty a Senegal, a koya musu abin da zai ishe su zama akawu da malaman lakwal. Wannan ba mantuwa ba ce. Mai mulkin mallaka ya san ranar da talaka ya sami nasa likita da nasa injiniya, ran nan zai fara tambayar amfanin baƙo.

Sai a 1971 aka kafa cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Shekara da shekaru ita kaɗai ce jami'ar gwamnati, ɗan Gobir da ɗan Katsinar Maraɗi sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya ga ƙofarta. A 2008 aka buɗe makarantar fasaha ta IUT a Maraɗi, a 2010 kuma aka mai da wurin cikakkiyar jami'a, tare da na Tawa da Damagaram. Daga baya aka raɗa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan garin nan, masanin kimiyya, wanda ya riƙe ministan ilmi a ƙarshen zamanin Diori Hamani. Ku lissafa da kanku: shekara 50 cif bayan mulkin kai kafin jihar da ta fi yawancin jihohi jama'a da noma da ciniki ta sami jami'arta.

A cikinta ana koyon aikin gona da kula da ƙasa, da aikin likita, da kimiyya da fasaha. Mai noman rani a gandun ban-ruwa na Jiratawa, wanda tsutsa ke cinye masa tumatir, maganinsa yana cikin waɗannan azuzuwa. Macen da naƙuda ta yi wa tsanani a ƙauyen Tibiri, likitan da zai cece ta yana zaune a kan waɗannan bencina. Jami'ar nan dukiyarmu ce, kamar Gulbi, kamar fadama.

ABIN DA SUKE KUKA DA SHI

Wanda ya saurari ƙungiyar 'yan makaranta ta USN, wadda aka kafa tun 1960, zai ga kukan bai cika sakewa ba daga wannan gwamnati zuwa waccan: kuɗin tallafi ba sa zuwa a kan kari, ɗakunan kwana ba su isa ba, azuzuwa sun yi kaɗan, motocin ɗauka sun gaza, shekarar karatu ta hau kan 'yar'uwarta.

Mu ɗauki na farko, don shi ne uwa. Gwamnati ta yi alkawarin ba ɗalibin da ya cancanta kuɗin tallafi ta hannun hukumar ANAB. In kuɗin suka makara wata uku ko shida, cikin ɗalibi ba ya jira, mai gidan haya ba ya jira, ɗan kabu-kabu ba ya jira. Ɗan attajiri zai buga waya gida a aiko masa. Ɗan manomi kuwa fa? Ubansa zai ɗauki buhun hatsi ya kai kasuwa da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, sa'an nan ya dawo da bazara ya sayi wannan hatsi da tsada. Uwarsa za ta kwance akuyar da ta ajiye don ranar ciwo. Ashe kuwa, duk watan da kuɗin nan suka makara, gwamnati ce ke cin bashin talaka, ba da izninsa ba, ba kuma da ko dala ta godiya ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yaron da ya kwana da yunwa ba zai haddace sunayen jijiyoyin ɗan Adam ba.

Ku ƙara da halin da jiharmu ta shiga. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, aka yanke wutar lantarki, har zuwa farkon 2024. Maraɗi kuwa da wannan hanya take numfashi. Ga 'yan bindiga da suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da satar shanu da satar mutane. Uban da aka kore wa garke, ko aka raba da gonarsa, da me zai riƙe ɗa a jami'a?

Maganar tsaro ma daga nan take tasowa. Ɗalibin da bai sami gado a ɗakunan jami'a ba sai ya nemi haya mai araha a bayan gari, su huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Yarinyar da aka tashi daga aji bayan magariba, babu motar makaranta, sai ta bi duhu da ƙafa ko ta hau bayan babur ɗin wanda ba ta sani ba. Iyaye da yawa da suka ga haka sai su ce ta dawo gida. A ƙasar da 'yan mata kaɗan ne ke kaiwa ga jarrabawar bak, kowace ɗaya da ta bar jami'a hasara ce ga dukan matan garinsu.

DARASIN 1990 DA NA 2017

Masu mulki sun daɗe da magani iri ɗaya: kulki, da barkonon tsohuwa, da rufe makaranta. Bari mu duba ko ya taɓa warkarwa.

Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, 'yan makaranta suka fito a Yamai don ƙin tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, wanda zai rage kuɗin tallafin karatu. A gadar Kennedy aka buɗe musu wuta. Bisa lissafin hukuma kanta, ɗalibai 3 suka mutu. Shin ƙasa ta yi shiru? Ko kusa. Jinin nan ne ya tayar da ƙungiyoyin ma'aikata, har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991 da ƙarewar mulkin jam'iyya ɗaya.

Ran 10 ga Afrilu 2017, zamanin Mahamadou Issoufou, aka sake. USN ta kira zanga-zanga a kan bashin kuɗin tallafi da halin karatu. A Yamai ɗalibi Mala Bagale ya rasa ransa, aka kama mutum fiye da 300, har da na nan Maraɗi, aka rufe harabar jami'ar Yamai da ta Maraɗi. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya zauna da shugabannin ɗalibai, aka buɗe makarantun, aka sauya ministan. To, zaman da aka yi bayan an rasa rai, me ya hana a yi shi tun ana da rai? Rigakafi ya fi magani.

Rufe harabar jami'a kuwa hukunci ne a kan marar gata. Ranar da aka ce kowa ya fita, ɗan cikin gari zai koma gidan ubansa ya ci tuwo. Ɗan Dakwaro da ɗan Tasawa da ɗan Mayayi, wanda babu kuɗin mota a aljihunsa, ina zai kwana? In an dawo kuma watanni sun shige, digirin shekara 3 ya koma na 4 ko 5, kowace shekarar ƙari kuwa daga rumbun uba take fita.

GASKIYA GA 'YAN MAKARANTA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka muna da magana ga 'ya'yanmu ma. Mai tuyar ƙosai a bakin titi ba ita ta riƙe muku kuɗi ba. Ɗan kabu-kabun da kuka tare wa hanya, da ribar yinin nan zai ciyar da gidansa, wataƙila ma ƙanensa na cikinku. A 2018 a Yamai, bayan rigima tsakanin wani malami da masu tsaron oda na ƙungiyar ɗalibai, malaman jami'a suka yi yajin aiki na makonni, aka kori waɗansu ɗalibai, aka sake rufe makaranta. Wa ya ci riba? Ɗalibin da ya ɗaga hannu a kan malaminsa ko a kan ɗan'uwansa ya ba mai kulki hujja, ya kuma raba kansa da talakawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfinku yana ga goyon bayan kasuwa da ƙauye, kada ku zubar da shi.

ABIN DA MUKE NEMA

A Disamba 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasan nan. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Muna da uraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971, muna da man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011. Amma mulkin kai ba ya cika sai ranar da ɗan ƙasa ne ke auna ma'adinin, shi ke gyara injin, shi ke fiɗa a asibiti. Ƙasar da ke sayar da mai ba ta da uzurin barin ɗalibanta da yunwa. Saboda haka muna neman:

1. A tsai da ranar biyan kuɗin tallafi, a sanar da ita tun farkon shekara, a kiyaye ta kamar yadda ake kiyaye albashin soja da na minista.

2. A manna sunayen waɗanda aka ba tallafi da waɗanda aka ba ɗaki a bango, kowa ya gani, tare da ƙa'idar da aka bi. Ɗan nesa da marar hali da 'ya mace su zama a gaba.

3. Hukumar CROU, mai kula da abinci da kwana da sufurin ɗalibai, a ba ta kuɗinta a kan kari, ita kuma ta bayyana yadda ta kashe su. Abincin kuwa a saye shi daga manoman jihar nan, kuɗin su zauna a gida.

4. A sa motoci masu isa, har da na bayan magariba, a sa fitilu a hanyoyin da ɗalibai ke bi.

5. Kada mai bindiga ya shiga harabar jami'a don tarwatsa taro. Wanda ya daki ɗalibi ko ya kashe shi, a gurfanar da shi gaban alƙali a bainar jama'a.

6. A kafa zama na kowane wata tsakanin shugaban jami'a da malamai da ɗalibai da wakilan iyaye, don a kashe wuta tun tana ƙarama.

AIKIN RASSA

Ba za mu zauna muna jiran Yamai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane reshe ya yi waɗannan kafin fitowa ta gaba.

Sakatare ya rubuta yawan 'ya'yan garin da ke jami'a, maza nawa, mata nawa, da watannin da kowane ke bin gwamnati, da waɗanda suka bar karatu don rashi. A aiko mana da lissafi na gaskiya, ba ƙari ba ragi, don da shi za mu tunkari hukuma.

Rassan karkara su kafa rumbun ɗalibai. Da kaka kowane ɗan jam'iyya ya zuba abin da ya sawwaƙa, ko tiya ɗaya ce ta hatsi ko wake, a riƙe a hannun mutum biyu amintattu, a riƙa aika wa yaran garin in kuɗi suka makara.

Rassan birnin Maraɗi su nemi gidajen mutunci da za su sauki ɗalibai mata 'yan ƙauye. Reshen mata shi zai jagoranci wannan. A kuma yi magana da 'yan'uwanmu masu gidajen haya su yi haƙuri da ɗalibi har kuɗinsa su fito.

Rassan Tibiri da Jiratawa, da yake kuna bakin birni, ku gayyaci ɗaliban aikin gona da na likita su zo su zauna da manoma da mata a lokacin hutu. Manomi ya ga amfanin karatun da idonsa, ɗalibi kuma ya tuna wanda ke ciyar da shi.

A karanta wannan takarda da ƙarfi a taron reshe saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, kada ta kwana a aljihu.

Allah ya taimaki talakawa, ya ɗaukaka ƙasarmu. Amin.

EDITA