Shirun Yaro Ba Kullum Ne Ladabi Ba

Iyayenmu maza da mata, da ku ɗalibai, ina so in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara akwai wata yarinya a ajinmu na hadda, shekararta 14. Da can ita ke fara ɗaga hannu in an zo tilawa. Sai ta daina. Ta rame, ta koma bayan aji, in ka yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Na aika aka kira mahaifinta. Da na gama bayani sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai alhamdu lillahi, yanzu ta natsu. In ina gida ko tari ba ta yi." Daga baya wata malama ta ja ta a jiki, yarinyar ta faɗa mata cewa kullum ana gwada ta da yayarta, ana kiranta daƙiƙiya, har ta kai takan yi fatan ta kwanta kada ta farka.

Ya kai uba, ya ke uwa, wannan ba natsuwa ba ce. Ciwo ne, likitoci suna kiransa ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ka ƙirga aji mai ɗalibai 50 ka gani.

Ban ce duk yaron da ya kamu laifin iyayensa ne ba. Akwai gado, akwai rashin wani makusanci, akwai talauci. Amma irin riƙon gida yana da nasa kason. A 1966 wata masaniya a Amurka, Diana Baumrind, ta kasa riƙon iyaye gida uku: masu tsanani da ba a tambayarsu dalili, masu sakin linzami, da masu haɗa doka da tausayi. A 1983 wasu masana suka ƙara na huɗu, wato waɗanda ba ruwansu da yaron sam. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da dama ya nuna 'ya'yan masu haɗa doka da tausayi sun fi samun kwanciyar hankali, zagi da duka da ƙasƙanci kuwa suna tafiya tare da damuwa da fargaba.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Tun wajen 1377 Ibnu Khaldun ya ware fasali a Muƙaddimarsa kan illar tsananta wa mai koyo, ya bayyana cewa tsoron duka yana koya wa yaro ƙarya da yaudara, yana kashe masa zuciya. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa kyarar sa ba. To mu wa muka gado da "ɗan banza" da "Allah wadaran haihuwarka"?

Ni ma fa ba na wanke kaina. Farkon shigata koyarwa dorina ba ta barin hannuna, ina ganin aji ya yi tsit ina jin daɗi. Sai da na lura waɗanda na fi duka su suka fi iya yi mini ƙarya.

Sakaci ma nasa ciwon daban. Uban da ya fita tun asuba, ya bar wa saurayi waya da kuɗin kashewa, bai san abokansa ba, shi ma ya bar yaro shi kaɗai da abin da ke cin sa. Mun ga yadda kodin ya yi da matasanmu har gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. A sa doka, a tsaya a kanta, amma a faɗi dalili, a kuma bar yaro ya gama maganarsa kafin a yanke hukunci. Al'adar kunyar ɗan fari ma, wallahi, ta hana iyaye da yawa sanin halin da 'ya'yansu ke ciki.

In ka ga ɗanka ya wuce mako biyu ba walwala, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, karatu ya ja baya, kada ka tsaya a "aljanu ne" ko "iskanci ne". Ka yi addu'a, ka kuma kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. In ya ambaci mutuwa kuwa, ranar za a tafi, ba a jira.

Ku kuma ɗalibai, in abu ya yi muku nauyi a zuciya, ku sami malami ko malama, ko gwaggo ko kawun da kuka yarda da shi, ku faɗa.

Ita yarinyar can, mahaifinta ya yarda ya kai ta wajen likita, bayan na je gidansa sau uku. Ta dawo layin gaba. Har yanzu dai ba ta fara ɗaga hannu ba.