A Gama Magana Da Mai Jirgi Tun A Tudu

A watan jiya mun yi maganar ajiyar hatsi cikin rumbu. Wannan wata za mu bar tudu mu shiga ruwa.

Da rani, in aikin gona ya ƙare, da yawa daga cikinmu kan tafi Yamai ko Gaya, wasu cin rani, wasu ziyarar dangi. Wanda ya je da iyali, yara ba su barin shi ya huta sai ya kai su sun ga kogin Isa. To, Isa ba gulbin Maraɗi ba ne da kan ƙafe har jaki ya ƙetare. Daga ƙasar Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 cikin ƙasarmu kafin ya faɗa Najeriya. Mu mutanen tudu ba mu san halinsa ba. Ni ma sai da na sha wuya na koya.

A watan Maris na 2019 na kai iyalina Yamai wurin wana. Ranar Laraba muka tafi Bubon, wani gari na bakin kogi, kamar kilomita 25 daga Yamai ta hanyar Tilaberi. Laraba ce ranar kasuwarsu, kuma garin ya yi suna wajen ginin tukwane da tuluna. Mu 9 ne: manya 4, yara 5. Da mata suka gama sayayya, yara suka hango wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar ruwa, rairayinsa fari fat. Suka ce sai an je.

A bakin gaɓa na sami wani tsoho mai kwalekwale. Ya ƙirga mu da ido, ya ce jika 6, zuwa da dawowa, kuma zai zauna ya jira mu. Wani saurayi ya ja ni gefe ya ce shi jika 3 ta ishe shi. Wana ya ce mini: "Ƙanena, araha ba ta ado." Ban saurare shi ba. Na zaro jika 3 na ba saurayin duka, na ce ya komo in rana ta yi sanyi.

Gaskiya mun ji daɗin wunin nan. Yara suka yi ta birgima cikin rairayi, suna gina rumbuna da ɗakuna. Muka ci dambun zogale, muka sha fura, wana ya dafa shayi har zubi 3. Maiɗakina, wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, ta zauna tana kallon masunta suna jefa taru.

La'asar ta yi, ba jirgi. Ruwan shanmu ya ƙare. Ƙaramin yaro ya fara kuka. Ashe lokacin tashin kasuwa shi ne lokacin cinikin masu fito, saurayin kuwa kuɗinmu na aljihunsa, me zai sa ya yi gaggawa? Sai dab da magariba ya iso. Cikin jirgin akwai mutum 6, buhuna, tuluna da awaki 3. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai wuce faɗin yatsu 4 ba. Ya ce: "Ku shigo, Malam, akwai wuri."

Na riga na sa ƙafa ɗaya, sai maiɗakina ta riƙe yara ta ce: "Malam, ni da ƴaƴana ba mu shiga. Gara mu kwana nan." Raina ya ɓaci, don a gaban mutane ta faɗa. Amma wana ya ce ta fi ni gaskiya. Saurayin ya juya abinsa, bai komo ba.

Duhu ya rufe mu. Can muka ji gurnanin dorina, ba nisa. Wana ya raɗa mini cewa da dare dorina ke fitowa kiwo a tudu, kada in bari mata su ji. Ƴan uwa, ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba, kuma na san ni na jawo.

Muna nan sai ga fitila bisa ruwa. Tsohon nan ne. Ya ga tafiyarmu, bai ga dawowarmu ba, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya, yana tuƙi yana buga filafili a jikin jirgi don dorina ta san da wucewarmu. Da muka sauka ya ce mini: "Malam, kai cinikin zuwa ka yi, ba ka yi na dawowa ba." Na ba shi jikarsa 6 da godiya. Ku yi lissafi: don gudun jika 6 na biya jika 9, na kuma sa rai 9 cikin hatsari.

Ga abin da na koya. Ku riƙe shi da kyau.

1. Ku zaɓi mutum kafin ku zaɓi jirgi. Ku nemi shugaban masu fito ko wani dattijo na bakin gaɓa ya haɗa ku da matuƙin da aka sani. A yi ciniki a gabansa, ya zama shaida.

2. Ku faɗi komi dalla-dalla: mutum nawa, wane gungu, kuɗi nawa, zai jira ko zai komo, da wane lokaci. Kada ku ce "in rana ta yi sanyi". Ku ce ƙarfe 4. Ku ce jirgin naku ne ku kaɗai, ba a ƙara kowa. Ku karɓi lambar salularsa, ku gwada kira nan take.

3. Kada ku biya duka. Rabi a tudu, rabi bayan an dawo da ku tudu.

4. Ku duba jirgin. In ruwa ya taru a cikinsa, ku sa a kwashe, ku jira kaɗan ku ga ko zai sake shiga. Ya kasance akwai ƙwaryar kwasar ruwa. In mai inji ne, ya kasance akwai filafili, don inji na mutuwa. In akwai rigar ceto, yara za a fara sa wa.

5. Kada ku shiga jirgin da ya cika. A watan Satumba na 2017 wani jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga Gaya ya kife cikin jihar Kabi ta Najeriya, mutane da yawa suka rasu. Lodinsa ya fi ƙarfinsa. Cikin jirgi kowa ya zauna, ba a miƙewa, ba a taruwa gefe ɗaya. Kowane yaro da babban da ke riƙe da shi.

6. Ku dawo da rana tsaka-tsaki, tun kafin magariba. Babbar dorina na kai kilo 1,500, wadda ke da ɗa kuwa ba ta da wasa. In matuƙi ya ce a kauce wa wani wuri, kada ku yi gardama.

Ku san lokaci kuma. A Yamai kogi kan cika sau 2: jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, da ruwan Gine da ke isowa cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. Sai ruwa ya ja baya, daga Maris zuwa gaba, rairayi ke fitowa. Da bazara, in kun ga hadari ya haɗo, ku fasa, don iskarsa na kifar da jirgi.

A gungu, ku tafi da ruwan sha isasshe. Yara kada su wuce inda ruwa ya kai gwiwa, don rairayi na zurmawa. Ku hana su wanka inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa: nan ƴan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suka fi zama. In daga baya kun ga jini a fitsarin yaro, ku kai shi likita, akwai magani. Kafin ku bar gari ku tambayi labarin hanya, don jihar Tilaberi ta sha fama da ƴan bindiga a shekarun nan.

Ban ce kada ku kai yara su ga kogi ba. Ku kai su, su ga ikon Allah. Amma a gama magana tun ƙafa na bisa tudu. In mace ta ce ba ta shiga, ku saurare ta. Ni dai tawa ta fi ni hankali ranar nan.

A karanta wa waɗanda ba su sami jarida ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.