Kirsimeti Biyu a Garin Elmina



Akwai abin da ya daɗe yana damuna a littattafanmu. Idan marubuci ya sako Kirista a labari, sai ya ba shi suna, ya rataya masa gicciye, ranar Kirsimeti a dafa shinkafa da kaza, shi ke nan. Kamar Kiristan Zonkwa da na bakin teku a Gana uwa ɗaya ta haife su. Ni dai a ganina wannan lalaci ne, kuma garin Elmina kaɗai ya isa hujja.

Elmina garin masunta ne a gaɓar tekun Gana, kusa da Cape Coast. Mutanensa Fanti ne, akasarinsu Kiristoci. Turawan Fotugal sun gina katafaren gidan tsaronsu a can a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka zauna har 1872 da suka bar wa Ingila.

Ranar 25 ga Disamba ana cika coci da sababbin kaya, a dawo gida a daka sakwara. Daren 31 kuma a coci ake tarbar sabuwar shekara da addu'a da waƙa. Baƙo zai ɗauka an gama. Sai Alhamis ta farko a Janairu ta zo da Edina Bronya. Edina shi ne sunan garin a bakin masu shi, Bronya kuwa Kirsimeti ke nan da harshensu, kuma ana danganta asalin bikin da zamanin 'yan Holan. Wannan na dangi ne: a taru a gidan gado, a zuba abin sha a ƙasa ana kiran sunayen magabata, a ci abinci tare, a sasanta waɗanda suka shekara suna gaba.

To a nan labarin yake. Yawancin cocin Fentikos a Gana suna kallon wannan zubawa a matsayin bautar wanin Allah. Ɗauki saurayi da ya koma irin wannan coci, shugaban danginsu kuwa dattijo ne ɗan Katolika wanda bai ga wani karo tsakanin Lahadinsa da Alhamis ɗinsa ba. Saurayin zai je? In ya je, zai sa hannu a kwano? Kada a manta, Fanti ta wajen uwa suke lissafin dangi, don haka wanda zai yi fushi da shi kawunsa ne, ɗan'uwan mahaifiyarsa, kuma maganar gado tana iya biyowa ta nan. Ƙara masa yayan da ya yi watanni yana su a Kwaddibuwa ko Laberiya, ya dawo hutu kowa na kallon aljihunsa. Babi uku ke nan ba ka ƙirƙiro aljani ko ɗaya ba.

Ko a bakin ruwa haka abin yake. Kwale-kwale da ayar Baibul rubuce a jikinsa, amma ranar Talata ba ya shiga teku, don al'ada ta hana.

Wani zai ce mu da ba addininmu ba, ina ruwanmu? Rubuta mutum yadda yake ba bin aƙidarsa ba ne. Mu ma ranmu yana ɓaci idan baƙon marubuci ya mai da Sallarmu rago da doki kawai, ya manta da yawon gaida dangi da rigimar gidan da za a fara kai wa tuwo.

'Yan'uwanmu na zangon Cape Coast da Takoradi, ku kuka fi mu kusa. Akwai labarin matar zango da maƙwabciyarta ta aiko mata da kwanon Bronya, tana tsaye da shi a ƙofar ɗaki, yara sun zuba mata ido. Har yanzu ban ci karo da wanda ya rubuta shi da Hausa ba.