Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Ya ku 'yan makaranta, gemu ya kusa tsiro muku, saboda haka ku saurara. Akwai waɗansu samari da su ke cewa wai aska kayan ƙauye ce, reza kuwa ita ce alamar wayewa. Ni na ce ba haka ba ne, ga kuwa hujjata.

Ku san asalin reza tukuna. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya ƙago irin wadda ta game duniya. A 1903 ya fara ciniki, reza 168 kaɗai ya sayar a shekarar. Dabararsa ita ce a yi ƙarfe siriri wanda ba a wasawa, in ya dakushe a yar, a koma kanti. A 1975 kamfanin Bic na Faransa ya ƙara gaba, ya fito da wadda a ke yarwa har da ƙotarta. To, ina wayewa a nan? Mai kanti ne ya mai da haɓarka gonarsa, kullum yana girbi.

Aska fa? Ko ta maƙeranmu ce, ko mai naɗewa wadda a ke ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus, in an kula da ita ta fi mai ita tsawon rai. Je ka binciki tsohuwar zabirar gidanku. In ka sami aska ta yi tsatsa, kada ka raina ta. Sa mata mai, ka goge da sanfefa mai kaushi, sa'an nan mai laushi, har ƙarfen ya yi fari. Zuba wa dutsen washi ruwa, ka kwantar da ita, gadon bayanta da bakinta duk su taɓa dutsen, ka tura baki na gaba, ka juya, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Sa'an nan ka karɓo tsiri na fata wurin baduku, ka ɗaure shi a ƙusa, ka ja askar a kai, amma wannan karon baya ke gaba, don kada ta yanke fatar. In ƙota ta fashe, sassaƙa sabuwa da ƙaho ko itace. In ka gama aski, ka tsane ta sarai, domin laima ce uwar tsatsa.

Na san abin da masu gardama za su ce: aska na yaɗa cuta. Gaskiyarsu, ban musa ba. Ƙwayar ciwon hanta tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini a bakin ƙarfe. Amma laifin wa? Ba na aska ba ne, na aro ne. Reza ma in mutum biyu suka yi tarayya a kanta, haka za ta yi. Magani shi ne kowa ya mallaki tasa, ko wurin wanzami za shi ya tafi da abarsa, kada ya ara wa kowa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya su ke.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce yaro ya iya lissafi da labarin ƙasa, amma wasa ƙarfe ya gagare shi, har yana ganin aikin hannu ƙasƙanci ne. Ilmin da ya kashe hannun mai shi, rabin ilmi ne. In an ba da hutu, ku nemo aska, ku gwada.

Haza wasalam.