Wai "ba siyasa a kan dutse"? To wa ya cinye rabin wancan?

1/ Jama'a, zaren nan da tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare. Asabar da ta wuce an rufe wa wani yaro baki a gabana, a saman dutse, ni kuma na yi gum kamar ban ji ba. Shirun nan ya hana ni sakat har yau. Abin da ya kamata in faɗa a can zan faɗa a nan.

2/ Ga wanda bai sani ba, muna da 'yar ƙungiya a Abuja, duk Asabar bayan sallar asuba mukan fita hawan dutse. Yawancinmu tattaki ne kawai, takalmi da gorar ruwa. Mu kaɗan ne ke hawa da igiya, wato mutum ɗaya na manne a jikin dutse, ɗaya na ƙasa riƙe da igiyar da za ta tare shi in ya zame.

3/ Dokarmu ta farko: ba siyasa. Bayan zaɓen 2023 aka kafa ta, kuma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Na faɗa tun yanzu don kar wani ya tono min daga baya.

4/ To ranar Asabar mun kai sama, ana ta haki ana raba dabino, sai wani ƙaninmu ɗalibi ya nuna can gefe ya ce wa shugabanmu: "Yaya, wancan ba shi muka hau bara ba?" Muka juya. Shi ne. Rabinsa babu. An fasa shi da nakiya, tifofi sun yi layi suna lodin tsakuwa, ƙura ta lulluɓe ƙauyen da ke gindinsa.

5/ Yaron ya ce: "Wa ya ba su izini? Me zai hana mu rubuta wa hukuma?" Shugaba ya yi murmushi ya ce: "Ƙanena, ka san doka. Ba siyasa a nan. Hutawa muka zo yi." Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka juya wa wancan dutsen baya don kar ya ɓata hoton. Wallahi haka aka yi.

6/ Yaron nan bai ambaci jam'iyya ba. Bai ambaci ɗan takara ba, bai taɓa ƙabila ko addinin kowa ba. Tambaya ya yi a kan dutse, a cikin ƙungiyar masu hawan dutse, yana tsaye a kan dutse. In wannan ma haramun ce, to me ya rage mana? Farashin takalmi?

7/ Af, shi ma farashin takalmin ai ba mu tsira ba. Igiya, ɗamara, takalmin hawa, duk daga waje ake kawo su, da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Igiyar da ta tsufa ya kamata a yar da ita, amma na san masu lallaɓa tasu don sabuwa ta fi ƙarfinsu. Rai ne fa a rataye a jiki.

8/ Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A ƙungiyarmu, waɗanda suka fara ɓacewa su ne masu zuwa daga Mararaba da Suleja da Zuba. Masu mota daga Maitama da Gwarinpa suna nan. Kuma, ikon Allah, cikin waɗanda suka rage ne ake samun masu cewa siyasa ba ta shafe mu ba.

9/ Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan. "Ba siyasa" magana ce mai daɗi a bakin wanda siyasar ba ta taka wa ƙafa ba tukuna. Shi a wurinsa surutu ce. Shi kuwa wanda kuɗin mota ya hana shi fitowa, ba ya ma nan balle ya ce uffan.

10/ Ku duba taswirar wuraren da muka daina zuwa. Farkon 2024 da satar mutane ta yi ƙamari a yankin Bwari, shugaban nan da kansa ya soke duk fitar da ta nufi can, kuma ya yi daidai. Kufena a Zariya mun sha sa rana muna ɗagawa saboda hanyar Kaduna, tun ma kafin harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022. Kwatarkwashi a Zamfara kuwa ko kawo shi ba a yi, sai dai a hoto.

11/ Wato siyasa ce ke zaɓa mana dutsen da za mu hau duk mako. Tana da ikon soke fitarmu, mu ba mu da ikon kiran sunanta. Kamar gidan da kishiya ke juya kowa amma an hana a ce tana nan.

12/ Kuma don Allah, a Abuja ake wannan maganar? Garin da fadar mulkinsa sunan dutse gare ta? In ka ce Aso Rock, ba wanda zai yi tunanin igiya da takalmi. Zuma na jikin takardar naira 100. Duwatsun nan akwai mutanen da suka rayu a gindinsu tun kafin a yi dokar sabon babban birni a 1976, Gbagyi da maƙwabtansu, da yawa an tashe su. Jikokinsu ne ke nuna mana hanya, mu miƙa musu abin da bai kai kuɗin shawarma biyu ba.

13/ Mu Hausawa ma bai kamata a koya mana wannan ba. Labarin Kano daga Dala ya faro, da Barbushe da tsumburbura. Kufena da Turunku suna cikin tarihin sarautar Zazzau. Tun asali wanda ya riƙe dutse shi ya riƙe gari. Yau ne za mu ce dutse ba ruwansa da mulki?

14/ Batun fasa dutsen kuma ba sabon abu yaron ya ƙago ba. A Satumban 2018 ƙasa ta yi ta girgiza a Mpape har mutane suka kwana a firgice, hukumar Abuja ta dakatar da fasa dutse a yankin. Ban ce nakiya ce ta jawo ba, wannan na masana ne. Amma ita kanta gwamnati ta ga abin dubawa ne. Mu da muke ikirarin son duwatsun, mu ne tambayar ta yi wa nauyi.

15/ Na san abin da wasu za su ce: ai a ƙasashen da wasan ya bunƙasa ba sa haɗa shi da siyasa, mu ne komai sai mun cusa. Bari mu leƙa can ɗin.

16/ Amurka. Akwai wani yanki a jihar Utah, Bears Ears, inda masu hawa daga ko'ina ke zuwa, kuma wuri ne mai tsarki ga ƙabilun asalin ƙasar. Obama ya sa shi cikin kariya a Disamban 2016. Trump ya yanke kusan kashi 85 cikin 100 a Disamban 2017. Biden ya mayar a Oktoban 2021. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Access Fund ba ta ce "hutawa muka zo yi" ba, kotu ta tafi.

17/ Ostireliya. Dutsen Uluru, baƙi sun shekara da shekaru suna hawa, mutanen Anangu masu wurin suna roƙon a bari. An mayar musu da mallakarsa a 1985, amma sai 26 ga Oktoba 2019 aka rufe hawan. Shekara 34 tsakani. Ko kana ganin an kyauta ko an tauye masu hawa, ba za ka iya buɗe baki a kai ba tare da ka shiga batun waye mai ƙasa ba.

18/ Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Everest. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16, yawancinsu Sherpa. Su ne masu ɗaukar kaya, su ke gyara hanya, su ke ratsa wuri mafi haɗari sau da yawa don baƙo ya ratsa sau kaɗan. A lokacin, gwamnati na karɓar kusan dala 10,000 a kan kowane baƙo. Abin da ta fara miƙa wa kowane gida da aka yi wa rashi: kusan dala 400.

19/ Sherpa suka ajiye aiki, hawan wannan shekarar ta ɓangaren Nepal ya watse. Yajin aiki ne a kan dutse mafi tsawo a duniya. Ina tunanin da shugabanmu na wurin zai ce musu: "'Yan'uwa, kun san doka." 😅

20/ Ba sai mun je nesa ba ma. A Mali, kusa da Hombori, akwai dutsen da ake kira Hannun Fatima, yatsu na dutse a tsaye cikin sahel, Turawa masu igiya suna ta zuwa, mutanen gari suna samun na cefane da rakiya da masauki. A Nuwamban 2011 aka sace Faransawa biyu a Hombori, 2012 yaƙi ya ɓarke a arewacin ƙasar. Dutsen na nan inda yake. Masu hawa ne babu.

21/ Yanzu bari in yi wa shugabanmu adalci, don mutumin kirki ne kuma ba a banza ya kafa dokar nan ba. Ruwa ba ya tsami banza.

22/ Lokacin zaɓen 2023 na ga abin da ban so ba. Mutum biyu da suka shekara uku suna riƙe wa juna igiya suka koma ba sa ga-maciji. Daga gardamar ɗan takara aka gangara zuwa "ku mutanen kaza", daga nan zuwa addini. Wata Asabar aka haɗa su hawa ɗaya, ɗayan ya ce shi wallahi ba zai ba wancan igiyarsa ba. Kuma na fahimce shi.

23/ Don wasanmu ba ƙwallo ba ne. A ƙwallo in kun ɓata, ya ƙi ba ka fasin. A nan mita ashirin ce tsakaninka da ƙasa, kuma hannun da ke riƙe da kai na mutumin da ka zagi garinsu jiya da dare ne. Amana ita ce jarinmu kaf. Duk abin da zai ci ta, a kore shi, na yarda ɗari bisa ɗari.

24/ Amma me ya ci amanar? Tallar ɗan takara da zagin ƙabila da gorin addini. Su ya kamata dokar ta kira da sunansu. Maimakon haka muka ɗauko kalma ɗaya mai faɗi kamar babbar riga, "siyasa", muka lulluɓe komai da ita. Sai ta zama sanda a hannun duk wanda ba ya son jin wata magana.

25/ Kuma ku lura da yadda ake amfani da sandar. Ranar da wani babba ya ɗauki nauyin motarmu da ruwan sha, aka buga sunansa a bayan riguna, ba wanda ya ce siyasa ce. "Tallafi" aka kira shi. Yabo ba siyasa ba ne, tambaya ce siyasa. Na sa rigar nan ni ma, tana nan a durowa, kunya ta hana ni sake fito da ita.

26/ Wasu za su ce: to kai ka je ka yi fafutukarka a wani wuri mana, ka bar mana Asabar ɗinmu. Na ji. Ni ma ina son Asabar ɗin, kwana biyar ina shaƙar hayaƙin Nyanya. Amma wane wurin? Su wa suka fi mu sanin duwatsun nan? Mu ne muke da hotunan bara da na bana. Mu muka san wanda aka kewaye da waya, da wanda aka fara ci ta baya inda ba a gani daga titi.

27/ A cikinmu akwai lauyoyi, akwai injiniyoyi, akwai 'yan jarida, akwai ma'aikatan ma'aikatun da ke ba da irin wannan izinin. Mutanen ƙauyen da ke shan ƙurar ba su da ko ɗaya daga ciki. Mu hau dutsensu, mu yi hoto, mu rubuta "Alhamdulillah, ni'imar Allah" a ƙasa, mu koma gida. Ni dai abin ya fara yi min kama da cin amanar maƙwabci.

28/ Ga abin da nake so, ba boye-boye. In mutum na jikin dutse, kowa ya kama bakinsa, ko hirar Arsenal ce, ido a kan igiya. Ba fosta, ba hular jam'iyya, ba "ku mutanen kaza", wanda ya yi a sallame shi ranar. Amma izinin fasa dutse, tsaron hanya, kuɗin 'yan rakiya, wa aka hana shiga ina, wa ya daina zuwa kuma me ya sa, waɗannan aikin ƙungiya ne, a ba su lokaci a zaman wata.

29/ Za a yi saɓani? Sosai ma. Wani zai ce tsakuwar nan da ita ake gina gidajen da muke haya, kuma gaskiya ya faɗa. Wani zai ce yaran ƙauyen a can suke samun aiki. To a faɗa, a ji, a kawo takardu a duba ko da izini ko babu. Manya ne mu, masu iya rataye ransu a igiya ɗaya ba za su kasa zama a tabarma ɗaya na awa guda ba.

30/ Ƙanena, in kana karantawa: ka yi haƙuri. Tambayarka daidai ce, ni ne na ji nauyin ido na bar ka kai kaɗai. Ka turo min hotunan bara, ina da na ranar Asabar, na ɗauka a ɓoye bayan an gama na rukuni.

31/ Yaya shugaba, na san za a turo maka wannan kafin azahar. Girmanka na nan, kuma gobe ma kai zan ba igiyata ba tare da na yi tunani sau biyu ba. Amma zaman ƙarshen wata zan ɗaga hannu da abu biyu: wasiƙar da yaron nan ya nema, da ƙarin kuɗin 'yan rakiya. In dokar ta hana, to dokar zan fara kawowa. A sa ni a layi na farko.